Ku Tambayi Hajiya: A Wane Gefen Tsibiri Za Mu Sauka?

Tun da lokacin bukukuwa ya kama, tambayar Umara ta ɗan ja baya a ofishina na Birnin Kebbi, ta yawon tsibiri ta yi gaba. Ga biyar daga cikin wasiƙun da suka iso. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne a Jega. In Allah ya kai mu nan da wata uku za a ɗaura mini aure, kuma na yi wa yarinyar alkawarin mako guda a Zanzibar. Wani ejan ya turo mini otal uku ta WhatsApp, ɗaya a Paje, ɗaya a Nungwi, ɗaya a cikin gari. Na Paje ya fi araha, hotonsa kuma ya fi kyau, ruwa har bakin ƙofa. Ita burinta ta shiga teku, ba ta taɓa ganinsa ba. Ni kuma ba na son wurin da zan ji kunyar kai iyalina. Wanne zan kama?

Ango mai jiran rana, Jega

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ka biya ko sisi tukuna. Ejan ɗinka ya jera maka otal uku, alhali gaɓa ake fara zaɓa kafin otal, wato wane gefen tsibirin. Tekun ɗaya ne, amma halinsa a gabas daban, a arewa daban.

Zanzibar tsibirai ne na ƙasar Tanzaniya. Tsibirin da jirgi zai sauke ku sunansa Unguja, shi ne babba. Ɗan'uwansa Pemba na can arewa da shi. Tsawon Unguja ya kai kilomita 85, saboda haka ka cire tunanin cewa in wuri bai yi maka ba sai ka taka da ƙafa ka koma wani. Daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume zuwa Nungwi kusan kilomita 60 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi, kuma kuɗin tasi a can ba na wasa ba ne. Inda ka sauke jaka, nan za ka ci hutunka.

To ga abin da hoton Paje bai gaya maka ba. Ka san yadda gulbin Argungu ke cika da damina, da rani ya ja baya ya bar yashi fili. Abin da gulbi ke yi a shekara, teku na yin sa sau biyu kowace rana. Ya ciko, bayan awa shida da 'yan mintoci ya janye, ya sake cikowa, ya sake janyewa. A gabashin tsibirin, tun daga Matemwe da Kiwengwa har Bwejuu, Paje da Jambiani, ƙasan ruwan a shimfiɗe take ba gangare, can nesa kuma akwai jerin duwatsun murjani da ke tare igiyar ruwa. In teku ya janye a nan, sai ka yi tafiyar ɗaruruwan mitoci, wani wurin fiye da kilomita, kafin ruwa ya kai maka gwiwa. Mai otal bai yi ƙarya ba, ruwan na zuwa bakin ƙofa. Ya dai jira sai da ya zo ya ɗauki hotonsa.

Abin kuwa da wata yake tafiya, kuma mu masu lissafin Hijira ba sai an koya mana wannan ba. A kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗu, sha biyar, cikowar ta fi ƙarfi, janyewar ta fi nisa. A irin kwanakin ruwa na tafiya da hantsi, sai bayan la'asar ya cika. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, bambancin bai kai haka ba. Kullum kuma lokacin na jinkirta da kamar minti 50. Akwai jadawalin a intanet, yawancin otal-otal na gabas ma suna rubuta shi a allo. Ka duba kwanakinku a kai.

Ba ina kushe gabas ba ne. In don ni kaɗai ce, can zan sauka. Rana a kan ruwa take fitowa, bayan sallar asuba gaɓar wayam, kana iya tafiya da iyalinka ba idon kowa. In ruwa ya janye sai ka ga matan ƙauye sun shiga da zanensu suna noman ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, sana'ar da ta kafu a can tun wajen 1989, ana busar da ita a sayar wa 'yan kasuwar waje. Ni na fi son kallon wannan a kan duk wani wasan ruwa. Paje kam ta fi sauran hayaniya. Iska ce ke kaɗawa a wurin, daga Yuni zuwa Satumba da kuma Disamba zuwa Fabrairu, shi ya sa samarin Turawa masu wasan nan da lema ke jan mutum a kan ruwa suka mai da ita gida, mashaya kuma suka biyo su.

A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar na da gangare, ruwan ba ya nisa ko ya janye. Kendwa ta fi ko'ina a wannan fanni, kusan kowane lokaci ana iya shiga. Ga faɗuwar rana a kan teku. Tun da burin amarya ta shiga ruwa, kuma kwanakin ba su da yawa, arewa ce taku. Sai dai abin da ya ja ka shi ya ja kowa. Kuɗin ɗaki ya fi tsada, mutane sun fi yawa, masu tallan yawon kwale-kwale da sarƙoƙi ba sa barin mutum ya zauna, shigar baƙi kuwa ka san irinta. Na taɓa kwana a tsakiyar Nungwi, ɗaki tsaf ba abin kushewa, amma kiɗan mashayar da ke maƙwabtaka bai tsaya ba sai gab da kiran assalatu. A Kendwa kuma ana raba dare ana casu kowane tsakiyar wata. Saboda haka ko a arewan, tambayar da za ka yi wa ejan ita ce me ke dama da hagun otal ɗin, kuma tazarar nawa ce tsakaninsa da inda ake kiɗa. Ka nemi wanda ke ƙarshen gaɓa, ɗakin kuma ya zama can ciki wajen lambu. Ɗakin da ya fi kusa da ruwa shi ya fi tsada, shi ne kuma kowa ke wucewa ta gabansa yana leƙen baranda. Ga mai kunya irinka, ka biya ƙarin kuɗi ne don ka rufe labule.

Na cikin gari kuwa, wanda a takarda za ka ga an rubuta Stone Town, ba wurin wanka ba ne, tashar jiragen ruwa ce. Amma wanda ya je Zanzibar bai kwana a nan ba ya yi asara. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, nan ya mai da fadarsa a 1840, arzikin kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi ya gina garin, aka rufe kasuwar bayin a 1873. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne ƙunci, gidajen bene na dutse, ƙofofi masu sassaƙa, masallaci kusan kowace kwana. Da magariba ku je Forodhani a bakin ruwa, ku ci gasasshen kifi da tsire ku sha ruwan rake. Da safe ku shiga kasuwar Darajani, amarya ta sayi kanumfari da kirfa na tsaraba. Ka dai tambaya ko mota na isa ƙofar otal ɗin, domin yawancin lungunan ba ta shiga, sai a ɗauki akwati a ka.

Ga yadda zan raba maka makon. Kwana biyu a gari da farko, tunda filin jirgi na kusa kuma za ku iso a gajiye, sauran a Kendwa ko gefen Nungwi mai shiru. Na Paje ka bar shi sai wani zuwan.

Abu biyu kan amarya. Ku sayi kayan wanka masu rufe jiki tun daga gida, akwai su a manyan kasuwanninmu da intanet. Kada ta shiga teku da abaya ko dogon hijabi, in suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Tunda kuma ba ta iya iyo ba, iyakarta ƙugu, in za ku hau kwale-kwale ta sa rigar ceto ko da matuƙin ya ce ba komai.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan gaggawa. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa, ana so a ba abin kamar wata biyu. Wata ukunka ba su da yawa. Ka fara da fasfon amarya da biza, kuma duk ɗakin da za ka kama kafin ta fito ya zama irin wanda ake iya sokewa a mayar da kuɗi. Ku tanadi katin rigakafin shawara. Tun Oktoba 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar shiga ta gwamnatinta, dala 44 aka fara da ita. Tambayi ejan ko tana cikin lissafinsa.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a Gusau. Maigida ya ce in nemo mana masauki a Zanzibar lokacin hutun makaranta, mu da yara uku, babbar shekararta tara, ƙaramin uku, sai mahaifiyarsa mai fama da ciwon gwiwa. An nuna mini wani babban otal da aka ce komai a ciki, ci da sha duk an biya. Ya dace da mu? Ina kuma tunanin abinci da salla, don Inna ba ta cin abin da ba ta sani ba.

Uwar yara uku, Gusau

AMSA

Barka kadai, ƙanwata. Allah ya saka wa maigida da alheri da ya tuna da Inna. Ni kam da ita zan fara lissafi, yara ko'ina ka kai su in da ruwa da yashi sun gode.

Wannan komai a cikin, ki san abin da ke cikinsa. An yi tsarin ne don baƙon Turai, kuma kaso mai kauri na kuɗin na giya ne, daga hantsi har dare ba iyaka. Ke da ba ki sha, kin taya wanda ke sha biya. Ba na cewa kullum asara ce. Mai yara uku da ke neman abinci da lemo kowace awa, a otal ɗin da babu gidan abinci kusa da shi, tana iya fita da riba. Amma ki sa a ba ki farashi iri biyu, na komai a ciki da na kalacin safe da na dare kawai, ki ga bambancin, ki tambayi kanki ko abincin rana na mutum shida zai cinye shi. Sau da yawa ba ya cinyewa.

Mutanen tsibirin kusan dukansu Musulmi ne, naman da ke kasuwa da gidajen abincin gari yankan Musulmi ne. A manyan otal-otal ne ake bukatar buɗe ido, domin wasu na ajiye naman alade saboda baƙinsu, wasu na zuba giya a miya ko kayan zaƙi. Ki tambaya a rubuce tun kafin ku biya, in kun isa kuma ki sake tambayar mai girkin da kansa. Yawancinsu 'yan gari ne masu salla, ba za su ɓoye miki ba.

Amma da ni ce ke, babban otal ɗin ma zan bari. Irin waɗannan faɗi gare su, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci sai an yi tafiya, sau uku a rana, wasu kuma a kan tudun dutse aka gina su, sai an sauka matakala da yawa kafin a taɓa yashi. Gwiwar Inna ba za ta ɗauka ba, ƙarshenta a ɗaki za ta ƙare hutun ana kai mata abinci. A Jambiani, Bwejuu da Matemwe akwai gidaje da ake bayarwa haya sukutum, ɗaki uku ko huɗu, da katanga, da kicin, wasu har da ƙaramin wurin ninƙaya nasu da mai dafa abinci. In aka raba kuɗin da mutum shida, sau tari bai kai na ɗaki biyu ko uku a babban otal ba. Ga sirri: ke da Inna kuna iya cire mayafi ku sha iska, ki shiga ruwa da 'yarki ba namijin waje. Ki nemi mai ɗaki a ƙasa, banɗaki a cikinsa.

Abinci ba zai ba ta wahala ba in akwai kicin. Tuwon masara abincinsu ne na kullum, ugali suke ce masa, ga shinkafa, wake, kuɓewa, alayyafo da kifi ɗanye daga hannun masunta. Ki ƙullo yajinki da kuka da daddawa. Sai dai ki zuba su a robobi masu murfi, domin Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yuni 2019, mu kuwa kin san mu da leda.

Janyewar ruwan da ta sa na hana angon Jega sauka a gabas, ku alheri ce gare ku. Yaro ɗan shekara uku ba teku mai zurfi yake bukata ba. In ruwa ya ja baya yakan bar 'yan kududdufai masu ɗumi, da ƙaguwa da ƙananan kifaye, su wuni suna wasa. Sharaɗi biyu ne. Kowa ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke maƙale a duwatsu, in aka taka ta ƙayar karyewa take yi a cikin nama. Sannan babba ya san lokacin dawowar ruwa, domin a shimfiɗaɗɗen wuri da sauri yake malalowa, yana iya zagayo mutum ta baya. Wurin ninƙaya na gidan haya kuma babu mai gadinsa, ke ce mai gadin. In babu shinge, ƙofar da ke fita wurin ta zauna a kulle.

Tambayoyin da za ki aika wa mai gidan: akwai janareto, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai? Akwai gidan sauro a kowane gado? Ruwan famfon na daɗi ne ko mai zartsi? A gabas na sha samun wanda sabulu ba ya kumfa da shi. Na sha kam na gora za ku saya ko'ina kuka sauka. Ki tuna kuma manyan asibitoci, har da Mnazi Mmoja, a gari suke, tafiyar awa guda ko fiye daga gabas. Maganin Inna ya isa har ya yi saura.

Salla ba matsala, kowane ƙauye da masallacinsa. Ki dai gaya wa Inna tun a gida cewa a can ba gabas ake fuskanta ba. Makka na arewa da Zanzibar kusan sak, sai ta ba kudu baya, teku na hannun damanta in kuna gaɓar gabas. In ba a shirya ta ba, gardama za ku sha a kan darduma. Maigida kuma in ya bi jam'in asuba zai ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u. Shafi'awa ne yawancinsu, ba wani abu ba. Ki sa buta a kaya, ba kowane masauki ke da ita ba.

TAMBAYA

Hajiya, ina gaisuwa. Na yi ritaya, ina so in kai uwargida wuri mai kyau. Yarana sun nuna mini hoton ɗakuna a kan ruwa a Maldibs, sun ce ƙasar Musulmi ce. Can ya fi ko Zanzibar?

Dattijo daga Argungu

AMSA

Ina amsawa Alhaji, ranka ya daɗe. Yara sun faɗi gaskiya, ƙasar Musulmi ce, tsarin mulkinta ma bai yarda wanda ba Musulmi ba ya zama ɗan ƙasa. Amma masaukin can iri biyu ne, kuma ba su haɗa komai ba.

Ƙasar ƙananan tsibirai ce kusan 1,200 a Tekun Indiya. Hoton da aka nuna maka na irin tsibirin da otal ɗaya ya mallake gaba ɗaya ne. Babu ƙauye, babu kasuwa, babu wani gidan abinci sai nasu, ko ruwan gora a farashinsu za ka saya. Dokar hana giya da ke aiki a garuruwan ƙasar ba ta hau kansu ba, suna da lasisi. Kyau kam ba a magana, shiru kuma har ya yi yawa. Mutumin da ya saba fita masallaci sau biyar ya tsaya gaisawa a hanya, bayan kwana uku zai fara tambayar yaushe jirgi zai zo. Sannan farashin da yara suka gani mai yiwuwa na ɗaki ne kawai. Daga babban filin jirgi da ke kusa da Male, babban birnin ƙasar, sai an sake ɗaukar ku da jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuɗinsa daban ne kuma mai nauyi, shi na saman ma da rana kaɗai yake tashi. Wanda ya iso da dare sai ya nemi wurin kwana kusa da filin jirgi. Ɗakin kan ruwan kuwa a kan dogon gadon katako ake zuwa masa, wani da nisa ƙwarai, matakalarsa kai tsaye cikin teku take sauka.

Iri na biyu shi ne ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune, waɗanda aka ba izini tun 2009. Maafushi ce ta fi suna, ba ta da nisa da Male. A nan babu giya, akwai masallaci da kiran salla, baƙi masu kayan wankan Turai an keɓe musu gefe guda na gaɓa, kuɗin kuma bai kama ƙafar na farkon ba. In Maldibs ɗin ce lallai, ku yi yawancin kwanakin a irin wannan, ku ƙare da dare ɗaya ko biyu a ɗakin kan ruwa don uwargida ta samu hotonta.

Ni dai da za ka bi tawa, Zanzibar. Ta fi kusa, jirgin Habasha na ɗauka daga Kano ko Abuja ya bi ta Adis Ababa. Akwai gari, akwai mutane, akwai abin gani in an gaji da ruwa. A Kizimkazi, kudancin tsibirin, akwai masallacin da rubutun jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kusan shekara 700 kafin jihadin Shehu. Na san irinku, za ka fi daɗewa a nan fiye da bakin ruwa.

TAMBAYA

Anti, na ga otal mai kyau a Zanzibar ya karya farashi sosai a watan Afrilu. Damfara ce ko gaske? Ta yaya ma mutum zai gane wurin da bai taɓa gani ba?

Wata ɗaliba, Talatar Mafara

AMSA

Gaske ne 'yata, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, Afrilu kuwa tsakiyarta. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci kwana da kwanaki, wasu otal-otal ma rufewa suke yi su yi gyara. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, ita takan zuba ta ɗauke. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa, Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da cunkoso da tsada, musamman ƙarshen shekara. In aljihu ne ya ce Afrilu, to ki sauka a gari inda ko ana ruwa akwai wurin zuwa, kada ki je ki maƙale a ƙauyen bakin teku kina kallon taga.

Gane wuri kuwa, ki bar hotunan mai otal ki nemi na waɗanda suka kwana. Ki buɗe taswirar Google ta sama ki ga inda ginin yake da gaske, domin wanda ya rubuta ana hango teku daban, wanda ke bakin teku daban, wani ma sai an tsallaka titi da gidaje biyu. Cikin bayanan baƙi, ki fara da na masu ƙorafi na watannin baya-bayan nan. Mutum ɗaya ya ce da wari, ƙila halinsa ne. Mutum biyar suka ce ana gini a maƙwabta, to ana gini. Ki tambaya ko farashin ya haɗa da harajin da ake karɓa kan kowane baƙo kowane dare, don sau da yawa sai an zo tafiya ake kawo shi. Kada kuma ki tura kafin alƙalami asusun wani mutum don kin ga shafinsa a Instagram. Ki samo lambar otal ɗin da kanki, ki kira ki ji ko sun san shi.

TAMBAYA

Hajiya, ni a bakin Neja na tashi, iyo ba a gaya mini. Wuri mafi araha nake so, ni kaɗai ne, ko tabarma ce zan kwana.

Saurayi daga Yawuri

AMSA

To ɗan gidan ruwa. Paje ko Jambiani, layi na biyu ko na uku daga bakin teku, akwai masaukan da ake biyan kuɗin gado maimakon ɗaki. Ka tambaya ko ɗakin na maza zalla ne, domin da yawansu a haɗe suke. Daga gari ka hau motar haya da suke kira daladala, ka ci abinci inda 'yan gari ke ci, ka riƙe shilin ɗinsu a aljihu. Iyonka kuma ka tsaya da shi cikin duwatsun murjani. A mashigar da ke tsakaninsu ruwa na fita da ƙarfi lokacin janyewa, kuma jansa ba gefe yake kai mutum ba, waje yake yi da shi. In kana son zurfi, ka bi masunta a jirginsu, ka gaya musu daga inda ka fito.